Ɗakin da aka nuna maka a bakin tafkin Lough Gur

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Limerik da ke ƙasar Ailan, haya ta yi tsada a cikin gari, an nuna maka ɗaki mai sauƙi kusa da Lough Gur, kana tambaya ko wurin zai zaunu.

Na san wurin, kilomita 20 ne ko kusan haka kudu da birnin, ta wajen garin Bruff. Kada ka zaci ƙauye irin namu mai gidaje manne da juna. Karkarar Ailan a yanyanke take, kowane ɗan yanki da sunansa, sun haura 60,000. Gida nan, gida can, tsakani sai makiyaya da shanu.

Tafkin ya lanƙwasa ya kewaye tudun Knockadoon. A gefensa na yamma akwai da'irar duwatsu ta Grange, duwatsu 113 da aka kakkafa shekara fiye da 4,000 da suka wuce, babbansu ya kai tan 40. Na daɗe tsaye ina tunanin yadda aka ja shi.

Labari kuwa, sai ka gaji da ji. Wani dattijo da ya rage min hanya ya ce Gearóid Iarla, basaraken Desmond (wata tsohuwar masarauta a kudancin Ailan) da ya rasu a 1398, bai mutu ba, yana ƙarƙashin ruwan. Duk shekara bakwai yakan fito kan farin doki mai takalman azurfa ya zaga tafkin, ranar da takalman suka cinye zai dawo mulki. Yana faɗa yana dariya. Da na tambaye shi ko zai sare ƙayar nan da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gonarsa, sai ya ɗaure fuska. Ya ce ta aljanu ce. Kamar dai tsamiya a wurinmu. A 1999 ma sai da aka kauce wa irin wannan itaciya lokacin gina babbar hanya a Latoon, yankin Clare. Saboda haka in suna irin wannan hira, ka saurara, ban da izgili.

Matsalarka dai mota ce. Bas ba ta da yawa a can, a Disamba kuma rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, ga ruwa, ga hanya ƙunci babu fitila. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi mai gidan ƙarfe nawa bas ta ƙarshe ke barin Limerik.