Shin bindiga mai lasisi ce 'yan fashi ke amfani da ita?

Malam, ka tambaya ko soke lasisin bindiga baki ɗaya zai rage fashi da makami a Najeriya. A ganina, ragin ba zai taka kara ya karya ba.

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin na yaƙi, kamar AK-47, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinta. Ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki kuwa, kwamishinan 'yan sandan jiha ne. To, waɗanda ke tare hanya a Zamfara da Katsina AK-47 suke riƙewa, wadda talaka ba ya samun takardarta ko da ya nema.

Daga ina suke samu? Wasu sun kwararo ne daga Libiya ta hamadar Nijar bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Wasu maƙera ke ƙerawa a ɓoye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya, wanda ya nuna AK-47 sama da 88,000 sun ɓace daga hannun 'yan sanda zuwa ƙarshen 2018.

Ana dai sace bindiga mai lasisi, musamman idan mai ita ya rasu magada suka jingine ta bayan ƙyaure. Wannan kam a bi diddigi, a tilasta miƙa ta ga hukuma. Amma a fara da ƙirga abin da ke cikin ma'ajiyar makaman gwamnati.