Tambayoyinku: wai da gaske haske ne ke ɗauko intanet a cikin fayba?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Kaduna, an ja mana fayba wata biyu da suka wuce, yaron da ya saka ya ce min wai ba wuta ba ce a cikin wayar, haske ne. Ni dai na ga zaren bai fi gashi ba. Ya za a yi wannan ya fi wayar tagulla? Ko dai daɗin baki ne na 'yan talla?

Amsa: Ɗan'uwa yaron nan bai maka ƙarya ba. Gilashi ne tatacce aka ja shi ya zama zare, kaurinsa maikron 125 (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kusan silin gashin kai, hanyar da hasken ke bi a tsakiya kuma wajen maikron 9 ce kawai. Leza, wato na'ura mai fitar da tsinin haske, ita ce ke harba hasken, in ya nemi fita bangon gilashin ya maido shi ciki, haka zai ta tafiya. Wani masani Charles Kao ne a 1966 ya nuna cewa dattin cikin gilashi ne ke cinye hasken, kamfanin Corning na Amurka ya tace shi a 1970, shi kuma Kao sai 2009 aka ba shi kyautar Nobel, ka ga ya sha jira.

To amma ga inda mutane ke kuskure, suna zaton hasken ne aka ƙara wa gudu. A'a, tun farko wajen kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa cikin gilashi, yau ma haka. Lodi aka ƙara masa. Da can kunnawa da kashewa kawai ake, kamar mai yi wa abokinsa alama da tocila, in a kunne ɗaya ke nan, in a kashe sifili. Sai aka koma zuba launukan haske har 80 ko fiye a zare ɗaya kowanne da nasa saƙon, sannan daga wajajen 2008 aka fara wasa da siffar igiyar hasken kanta, ƙarfinta da inda take lanƙwasa, a wani tsari da ake kira 16QAM misali siffa 16 ce kowace tana ɗauke da bit 4 maimakon ɗaya, bit kuwa shi ne wannan ɗaya ko sifilin. Matsalar ita ce in hasken ya yi ɗaruruwan kilomita yana isa ne a dame, kamar rubutun allo da yayyafi ya taɓa, harafi ya shiga harafi. Anan ne 'yar ƙwaƙwalwar na'urar da ke ƙarshen layin take aikinta, ta san yadda gilashi ke dama saƙo don haka sai ta yi lissafin a baibai ta warware shi, kuma tun a wajen turawa an haɗa da ƙarin data na gyaran kuskure, wanda ya ɓace ta cike gurbinsa. Ni a ganina wannan lissafin ya fi gilashin ban mamaki, shi ya kai launi ɗaya gigabit 100 a daƙiƙa, wato bit biliyan 100, yanzu har 400 da 800. A 2024 cibiyar bincike ta NICT a Japan ta tura terabit 402, wato gigabit 402,000, a daƙiƙa ta irin zaren da ake sayarwa a kasuwa. Naka na shago dai bai kai can ba, mai sauƙi ne, kar ka je ka ce wa kwastoma haka.

Tambaya: Ranar 14 ga Maris 2024 netwok ya ɗauke mana har banki, aka ce waya ta tsinke a teku. Mu da ke Kano ina ruwanmu da teku?

Amsa: Da ruwanku kuwa. Hasumiyar netwok ta unguwarku fayba ce ke kai ta Legas, daga can a shiga teku. Ranar nan manyan wayoyin fayba na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace tare a gaɓar Afirka ta Yamma, dole aka karkata lodin kan wasu wayoyin irin su Equiano ta kamfanin Google, kuma gyara sai jirgin ruwa ya je ya ɗago wayar, shi ya sa abin ya ɗau makonni.

Tambaya: Rautata, akwatin intanet na gida, tana nuna jar wuta a wajen da aka rubuta LOS, na kashe na kunna har na gaji.

Amsa: Hajiya bar wahalar da kanki, jar LOS na nufin haske ba ya isowa akwatin kwata-kwata. Bi siririyar wayar da ido daga bango, sau da yawa za ki tarar ƙofa ta datse ta, ko an naɗe ta tamau a bayan talabijin, ko ɓera ya ɗana, na taɓa zuwa wani gida kujera ce kawai aka ɗora a kai. Duba kan wayar, kore ko shuɗi, ko ya zauna daram. In kin cire kar ki leƙa ciki, hasken ba a ganinsa amma yana iya taɓa ido, kar kuma ki goge shi da yatsa. In duk lafiya lau a gida to a titi ta tsinke, galibi masu haƙar kwata ko aikin hanya, kira kamfanin su turo mai na'urar haɗawa, salatif ba ya ɗinke gilashi.