Amsa ga Hajiya kan ƙaninta da maganar doki

Hajiya, kin ce ƙaninki ya kwana goma da barin tramadol da kodin, kawunku kuma yana da dawaki a nan Gombe, shi ne kike tambaya ko jinya da doki da ake yi a ƙasar Turai za ta raba shi da shaye-shaye. Doki ba ya cire ƙwaya daga jiki. Abin da ake fatan ya yi shi ne ya riƙe yaro a kan magani, ya cika masa lokacin da a da yake kashewa a majalisa.

Saboda haka asibiti ne farko. Ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma ya faɗi gaskiya in yana haɗawa da diazepam ko rochi, don yanke su lokaci guda yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda jijjiga za ta iya kamawa kuwa ba a barinsa kusa da kofato.

A Oslo ta ƙasar Norwe an gwada wannan hanya a kan matasa, rahoton 2015 ya nuna masu zuwa wajen dawaki sun fi daɗewa a jinya. Da aka sake gwaji mai tsauri daga baya, bambancin bai fito sosai ba. Kada dai a sayar muku da ita a matsayin waraka.

Kuskuren da aka fi yi a wajenmu shi ne a ɗora sirdi tun ranar farko. Sukuwa tana ba shi irin ɗaukewar da yake nema a ƙwaya, ga abokan kilisa da ba a san halinsu ba. Aikin a ƙasa ake yinsa. Makon farko sharar barga, kwashe kashi, ba da harawa da dusa, da ɗebo ruwa, don doki yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, a zafin Gombe ma ya wuce haka. Mako na biyu goge jiki da taje geza. Sai a na uku ya kama ragama ya ja shi zagaye, awa ɗaya, sau biyu ko uku a mako, da safe bayan asuba ko a daidai lokacin da ƙishin ƙwayar ya fi taso masa.

Nan amfanin yake. Daɗin baki ba ya aiki a kan doki. In yaron ya zo a fusace yana fizgar ragama, dokin zai kwantar da kunnuwa baya ya turje. In ya sassauta numfashi da hannu, sai ya biyo shi. Dole a samu babba mai haƙuri ya tsaya, bayan an gama ya tambaye shi me ya ji sa'ad da dokin ya ƙi tafiya. In babu wannan hirar, aikin barga kawai ya yi.

Zaɓin dokin ma abin dubawa ne. Yawancin na gidajenmu ingarmu ne da ake ajiyewa don hawan sallah, masu cizo da harbi. A nemi goɗiya mai shekaru ko wanda aka sani da sanyin hali. Kada yaron ya ɓullo wa dokin ta baya, doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, kada ya naɗe igiya a hannu, a kuma yi masa allurar tetanus. Magungunan dabbobi a kulle su, kuɗin sayen harawa kada ya bi ta hannunsa tukuna.

Ranar da ya zo da alamar ya sha, babu taɓa doki, babu kuma tozarci a gaban mutane, a mayar da shi wajen likita. Ku gaya masa tun yanzu cewa jikinsa ya manta da ƙwayar, adadin da yake sha a da yana iya tsayar masa da numfashi in ya koma.