Maƙwabtana Turawa sun gayyace mu "shan shayi" ƙarfe shida: me zan tarar, me zan riƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na uku a Sheffield da ke arewacin Ingila, tare da maiɗakina da yaranmu biyu. Wata uku da tarewarmu, gaisuwar bakin ƙofa kawai ke haɗa mu da maƙwabtanmu, wani dattijon Bature da matarsa. Jiya sai ga takarda an zuro ta ramin wasiƙa, suna gayyatarmu "tea" ranar Asabar ta sama, ƙarfe shida na yamma. Yanzu watan Disamba ne. Shayi kawai za a sha? Me za mu riƙa musu? Ina tsoron naman alade da giya, ga shi suna da kare a gida, kuma ba na so in ɓata musu rai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku ci abinci kafin ku fita. A arewacin Ingila, da wurare da dama a Sikotilan da Wales, idan an ce "tea" ƙarfe biyar zuwa shida da rabi, abincin dare ake nufi. Shayin la'asar da ake yi da burodi da kek, wanda ake danganta farkonsa da wata basarakiya ta Bedford wajen 1840, tsakanin uku da biyar yake, kuma yau an fi samunsa a otal. Naku tuwon dare ne, da sunan shayi.

Abin da ya fi komai muhimmanci ka yi shi yau, tun Asabar ɗin ba ta zo ba: ka amsa takardar, ka faɗi abin da ba ku ci. A gida mun saba da kara; baƙo ba ya gindaya wa mai masauki sharaɗi, abin da aka kawo shi ne rabonsa. A Birtaniya wannan karar ce ke jawo ɓacin ran da kake gudu. Matar nan za ta yi cefane tun Alhamis, ta ƙirga faranti, ta ƙirga yankan nama. In kuka zauna kan tebur sannan kuka janye hannu, kunya za ta rufe ta, ta ga ta gaza. In kuwa ka faɗa da wuri, ba za ta ji komai ba, domin tambayar "akwai abin da ba ku ci?" al'ada ce a wurinsu. Ƙasa ce da doka ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jiki, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, a jikin kwalin abinci. Kunnensu ya saba da irin maganar.

Yadda za ka faɗa shi ne a taƙaice: mun gode, za mu zo, mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma shan giya ko da a girki ne, kifi ko abincin ganye ya wadatar da mu. Shawarata ka tsaya a kan kifi da ganye. Kada ka ɗora wa tsohuwa neman naman halal, ko da yake akwai mahauta Musulmi a unguwanni irin su Darnall. In ita ta ce za ta nemo, to madalla. A cikin amsar ka tambaya ko gayyatar har da yara, ka faɗi adadinku. Kada ka ɗauko abokin karatu don ya zo ziyara daidai lokacin. Tuwo da miya suna miƙewa su ɗauki ƙarin baki, amma yanka shida na kifi ba ya zama bakwai.

Alade da giya ba a fili kawai suke zuwa ba, kuma sau da yawa mai gida da kansa ba ya tunawa. Romon da ake kwararawa kan gasasshen nama wani lokaci da jan giya ake haɗa shi. Ɓawon fulawar da ake naɗe nama ko 'ya'yan itace a ciki kan zo da kitsen alade. Kifi da soyayyen dankali, abincin da suke alfahari da shi, wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa, kuma a yankin Yorkshire da kake akwai masu suya da kitsen shanu. Kayan zaƙi masu rawa kamar dasƙararren koko, da alewa mai danƙo ta yara, yawanci da jelatin ake yin su, wanda galibi daga alade yake. Tunda Disamba ne, ka sa ido kan abubuwa uku na Kirsimeti: ƙananan tsiran alade da aka naɗe da siririn naman alade, da 'yan kek masu busassun 'ya'yan itace a ciki da suke kira "mince pie", da baƙin kek mai nauyi da ake zuba wa barasa a cinna masa wuta a gaban baƙi. Na biyun ba nama a ciki duk da "mince" na nufin niƙaƙƙen nama, amma sau da yawa akwai barasa. Alamar V da ke jikin kwali tana nufin babu nama. Ba ta ce babu giya ba. Tambayar "me aka sa a ciki?" ba rashin ladabi ba ce, mai girki ma daɗinta take ji.

Maganar kare ita ma a takardar za ta shiga. Kare a gidan Bature ɗan gida ne, yana da suna, yana da shimfiɗa, wani ma kan kujerar falo yake kwana. Kada ka kore shi da ƙafa, kada ka yi zancen najasa. Ka ce ba ku saba da karnuka ba, yara suna tsoro. Za su rufe shi a kicin ko a bayan gida, ba tare da ƙorafi ba.

Ƙarfe shida na nufin shida zuwa shida da minti goma. Kada ka riga lokaci, za ka tarar da uwargida da tsumma a hannu. In za ku wuce kwata, ka aika saƙo, domin abincin tanda ne, an auna minti nawa zai yi. Salla ba za ta matsa muku ba a wannan watan: rana na faɗuwa a Sheffield wajen huɗu saura kwata, Isha ma ta shiga kafin shida, sai ku yi abinku a gida. Da bazara ne lissafin ke juyewa, Magariba ta kai tara da rabi. In wata rana alwala ta kama ka a gidan Bature, ka sani babu buta, wasu tsofaffin gidaje har banɗaki da kafet, famfon ruwan zafi daban na sanyi daban. Ka yi a hankali cikin kwamin wanke hannu, ka goge inda ya jiƙe.

Abin riƙo ba ya son yawa. Su kwalbar giya suke kai wa juna. Kai kwalin cakulan ko damin furanni na fam 5 zuwa 10 daga kanti ya isa, ban da jan wardi, wanda na masoya ne. Kyauta mai tsada nauyi take zame musu, su shiga tunanin ramuwa. Cincin ko dubulan na hannun maiɗakinka ya fi duk waɗannan armashi. Abin da ke da gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, sai ka faɗa kafin ka miƙa. Kilishi kuwa kada ka sa a zo maka da shi daga gida, doka ta hana shigo da nama daga Najeriya ko Nijar a jakar matafiyi.

A bakin ƙofa ka tambaya ko a cire takalmi. Gidaje sun bambanta. Gaisuwarsu gajera ce, babu ina gajiya ina iyali ina aiki. In dattijon ya miƙa wa maiɗakinka hannu kuma ba ta musabaha da maza, ta ɗora hannu a ƙirji da murmushi, kai kuma ka ce haka muke gaisuwa. Sau ɗaya ake bayani, ya wuce. Za su ce ku kira su da sunan yanka, ko sun haifi babanka. Na san harshen Bahaushe na nauyi a nan, amma ka daure. "Mama" da kake gani girmamawa ce, ita tana iya ji kamar ka ce ta tsufa. In ka ji an ce maka ko wa matarka "love", kada gabanka ya faɗi. A Sheffield direban bas ma haka yake ce wa ƙato mai gemu. Ka gaya wa yara su dubi fuskar mai yi musu magana, domin sunkuyar da kai da muke koya musu a matsayin ladabi, a can ana iya ɗauka rashin kulawa ne, kuma kalmomin roƙo da godiya su zauna a bakinsu ko ruwa aka miƙo.

A kan tebur ana jira a zuba wa kowa. Su cokali mai yatsu a hagu suke riƙewa, wuƙa a dama. Kai da ba ka ci da hagu, ka yanyanka, ka ajiye wuƙar, ka mayar da cokalin dama. Amurkawa ma haka suke yi. In ka ƙoshi ka jera wuƙa da cokali tare a tsakiyar faranti. Sai ka kiyayi alkunya: in an ce a ƙara maka ka ce a'a don a lallashe ka, an ɗauke kwanon ke nan. Bayan abinci shayin gaske zai zo. Jakar ganye a kofi, tafasasshen ruwa, minti uku zuwa biyar, sannan ɗan tsiyayen madarar shanu mai sanyi. Za a tambaye ka cokali nawa na sukari. Ka faɗi adadi, ba irin kaurin na mai shayin bakin tasha za ka samu ba.

Hira ta fara daga yanayi, lambunsu, da ƙwallo, amma ka tambayi dattijon United yake ko Wednesday, manyan ƙungiyoyin ƙwallo biyu na Sheffield, kafin ka yabi ɗaya. Tarihin garin da masana'antar ƙarfe zai buɗe masa baki. Mai yiwuwa shi ko mahaifinsa sun yi aiki a cikinta. Ban da tambayar albashi ko fansho, ko shekarun mace, ko wa suka zaɓa, ko me ya sa 'ya'yansu suka bar su su kaɗai. "Kin yi ƙiba, masha Allah" yabo ne a Kano, a nan zagi ne.

Awa biyu da rabi zuwa uku ya isa, musamman da yara, tunda nasu jikokin ƙarfe bakwai zuwa takwas suke kwanciya. Ku yi tayin kwashe kwanuka. A bakin ƙofa za a yi sallama, babu rakiya, babu ƙunshin abinci, kuma ba rowa ba ce. Washegari ka zura katin godiya ta ramin wasiƙarsu; in ba ka son mai rubutun Kirsimeti, akwai na fatan alherin sabuwar shekara.

Cikin wata ɗaya ko biyu ku rama gayyatar. "Ku shigo wata rana" a kunnensu magana ce ta fatar baki, ba za su taɓa zuwa a kanta ba. Ka sa rana da sa'a, ka tambayi abin da ba su ci, a dafa shinkafa da miya ko masa, a rage attaruhu sosai, a ajiye yaji a ƙaramin kwano a gefe don wanda ya ga zai iya.