Ciwon hannu da gaɓɓai a ƙuruciya: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, shekaruna 26. Wata biyar ke nan kullum da asuba yatsuna na hannu biyu suke kumbura su sandare, ko buta ba na iya riƙewa sai hantsi. An ce sanyi ne. Mai kyamis yana ba ni haɗi, in na sha ya lafa, in na daina ya dawo. — Wata matar aure daga Katsina

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kalmar nan "sanyi" ta daɗe tana damuna, domin mun mayar da ita buhun da ake zuba kowane ciwo a ciki, mai ciwon kuwa ya yi ta zama a gida. Abin da kika kwatanta, wato ƙananan gaɓɓai, dama da hagu lokaci ɗaya, da sandarewar safe da ke wuce awa guda, ya fi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma ba ya jiran tsufa. A asibiti za a duba hannun, a yi gwajin jini irin su RF da anti-CCP, wataƙila a ɗauki hoto.

Kada ki jinkirta. Watannin farko su ne lokacin da ake iya tare cutar kafin ta cinye gaɓa, kuma yatsan da ya riga ya karkace da wuya ya miƙe. Akwai magunguna irin su methotrexate masu danne ta, amma sai da kulawar likita, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan shi, don haka ki faɗa masa halin da kike ciki.

Haɗin nan kuma, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, tare da diclofenac. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake yabon su. Amma shan su wata da watanni yana kawo gyambon ciki, hawan jini, ciwon suga, lalacewar ƙoda da raunin ƙashi. Tunda kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki tafi da ƙwayoyin a nuna wa likita, ya rage miki a hankali.

Tun da na haihu, wuyan hannuna ta gefen babban yatsa ke ciwo, musamman in zan ɗaga jaririn ko in matse wanki. — Mai jego daga Maraɗi

Barka da arziki. Wannan yawanci kumburin jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ne, kuma masu jego sun fi kowa samunsa. Ki riƙa tallabo yaron da tafin hannu da damtse maimakon ki saƙala yatsu a hammatarsa, ki sa abin ɗaure wuyan hannu na 'yan makonni, a taya ki wanki da daka. In bai sauka ba, allura ɗaya a wurin takan wadatar.

Ni tela ne. Da dare hannuna na dama yana mutuwa kamar ana tsira mini allura, sai na yarfe shi. — Daga Kumasi

Malam, ka lura da yatsun da abin ke kamawa. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, ƙaramin kuma lafiya lau, to jijiyar da ta ratsa ta wuyan hannu ce ta matse. Ka kwana da abin da zai miƙar da wuyan hannun, ka riƙa hutawa tsakanin yanka da ɗinki, sannan a auna maka suga. In tsokar gindin babban yatsa ta fara zubewa, lokacin ganin likitan tiyata ya yi.

Ƙanena ɗan shekara 19 yana ciwon ƙashi duk hunturu, yanzu kuma yana ɗingishi saboda ƙugu. Bai taɓa kwanciya a asibiti yana yaro ba.

A yi masa gwajin jini na sikila a wannan makon. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma mai nau'in cutar sikila da ake kira SC yakan girma ba a gane ba sai ƙugu ya fara ciwo, saboda jini ya daina isa kan ƙashin cinya. A ɗauki hoton ƙugun, ya rage ɗora masa nauyi, ya yawaita shan ruwa, ya rufe jiki lokacin sanyi. In kuma gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗori ko tsaga, domin mugunya a cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.