Direban da Ya Take Mai Amalanke: Ƙaddara Ce Ko Akwai Ramuwa?

Tambaya: Malam, ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Tawa da Ƙwanni. Wata rana bayan isha'i, na wuce Badagishiri, na ci karo da amalanken jaki ba ta da ko ƙyallin wuta. Mai ita ya rasu. Fitilata guda ta mutu tun kwana uku, ban gyara ba. Abokan aiki a tasha sun ce kwanansa ne ya ƙare. Me ke kaina?

Amsa: Allah ya jiƙansa, kai kuma ɗana Allah ya sanyaya maka zuciya. Gaskiya ne ajalinsa ya zo, amma shari'a ba ta tambayar ajali, sababi take dubawa.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗauke da alhakin abin da motarsa ta yi, sai in abin ya fi ƙarfinsa, ko laifin na wanda aka buge ne ko na wani daban. To, mai amalanke ya yi sakaci, ba musu. Sai dai kai ka san hanyar nan fiye da ni. Ka san ba fitilun titi, ka san ƴan kasuwa da dabbobinsu a bakin kwalta suke komawa ƙauye da dare. Kwana uku kana kallon matacciyar fitila, kana cewa gobe, alhali kuɗin ƙwanta bai kai na kujera biyu ba. Da ido ɗaya ka shiga duhu, saboda haka ban ga yadda za ka fita daga hukuncin kisan kuskure ba.

Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu. Diyya haƙƙin magada ce, raƙuma 100 ko dinari 1000, kuma a mazhabar Malik danginka na wajen uba ke haɗa ta cikin shekara uku. In magada sun yafe ko kun yi sulhu, ta faɗi. Kaffara kuwa ta Allah ce, yafewarsu ba ta sauke ta: azumin wata biyu a jere, tunda babu bawan da za a ƴanta, kuma ciyarwa ba ta maye gurbinsa.

Ka kula da wannan, tunda sana'arka tafiya ce: shan ruwa saboda tafiya yana yanke jerin, sai ka sake daga farko. Ka zaɓi lokacin sanyi, ka kauce wa watannin da salla ke faɗowa ciki.

Wallahu a'alam.