An yanke wa ƙanena hukuncin kisa, lauyansa bai kare shi ba: za mu iya ɗaukaka ƙara?

Tambaya: Babbar Kotun jiha ta yanke wa ƙanena hukuncin rataya kan zargin kisan kai. Lauyan da aka ba shi bai cika zuwa kotu ba, bai yi wa shaidun gwamnati tambayoyin kirki ba, bai kuma kira namu shaidun ba. Wannan zai zama hujjar ɗaukaka ƙara?

Amsa: Zai zama, Malam, amma ku fara da lissafin kwanaki. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar hukunci a kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, in ba a dace a can ba kuma kwana 30 zuwa Kotun Ƙoli. A rajistarar kotun da ta yi hukuncin ake shigar da takardar, kuma ya fi aminci shi ƙanen naka ya sa mata hannu da kansa a gidan gyaran hali. In wa'adin ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri. Muddin ƙara na gaban kotu, haramun ne a zartar da hukuncin. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1986 a shari'ar Nasiru Bello, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka ba ta ƙare ba.

Hujjar taku tana kan sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wato haƙƙin a saurari mutum bisa adalci. A shari'ar Josiah ta 1985, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa saboda an yi shari'ar ba lauya. A ta Udofia kuwa, a 1988, akwai lauya, amma kariyar ba ta amsa sunanta ba, aka soke.

Wahalar tana wajen tabbatarwa. Alƙalan sama ba sa sake sauraron shaidu, kundin shari'ar da aka rubuta a ƙasa suke karantawa. Saboda haka "lauyanmu rago ne" ba ta isa ba. Ku nemi kwafin kundin mai hatimin kotu, sabon lauya ya bi shi shafi-shafi: ranakun da aka ɗauki shaida lauya ba ya nan, shaidar da aka sallama ba tambaya, da ko ya yi suka lokacin da aka miƙa takardar amsa laifi da aka rubuta a ofishin 'yan sanda. Wannan na ƙarshe yana halaka mutane da yawa, domin in an ce tilasta shi aka yi, a daidai lokacin miƙa takardar ake faɗa. Sannan a nuna abin da sakacin ya jawo, misali akwai hujjar tsokana da za ta iya sauko da laifin daga sashe na 221 na dokar Penal Code (dokar laifuffuka ta jihohin Arewa), mai hukuncin kisa, zuwa na 224, mai hukuncin ɗauri, amma ba a gabatar ba. Dabarar da lauya ya zaɓa da gangan ba ta ci ba, kotu ba ta cika ɗaukarta sakaci ba.

Kada tsohon lauyan ya riƙe wannan ƙara, ba zai rubuta laifin kansa ba. In babu kuɗi, ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya, na jiharku.

Ku kuma sani, nasara a irin wannan hujja galibi umarni ne a sake shari'a gaban wani alƙali, ba sallama ba. Don haka tun yanzu ku san inda shaidunku suke.